Jitar da Kawu Ya Zaɓa

Haƙora huɗu likita ya cire wa Kawu a sama, kuma tun daga ranar busa ta ƙare masa. Shekara talatin da ɗaya yana busa ƙaho a ƙungiyarmu, amma ƙaho sai da haƙoran gaba, a nan leɓe yake jingina. Ya sa na roba ya gwada a ɗakin atisaye, iska ta riƙa zurarewa ta gefen bakinsa, abin da ya fito kamar kukan akuya mai mura. Mai ganga ya yi dariya har sandarsa ta faɗi.

Ni ne mai haɗa sautin ƙungiyar, wurina can bayan zaure ne, gaban na'ura mai maɓallai goma sha shida. Kawu wan mahaifiyata ne, shi ya kawo ni aikin. Shi kuma ya koya wa Shugaba kiɗa tun kafin ya zama shugaban kowa. Don haka korarsa ta yi wa Shugaba nauyi, ba don tausayi ba, sai don gudun bakin mutane.

Sai Shugaba ya kai shi siton kayan kiɗa, ya buɗe masa ƙofa da ladabi kamar gaske. Tun da safe ya ajiye kacaukacau, abin girgizawar nan na ƙwarya, a tsakiyar tebur, inda ko makaho zai yi karo da shi.

"Kawu, zaɓi abin da ranka yake so," in ji Shugaba.

Kawu ya wuce teburin ko kallo bai yi masa ba. Ya ciro tsohuwar jitar nan mai kaurin murya da muke ce wa bas, ya goge ƙurarta da hannun riga.

"Wannan kuwa, Kawu? Tana da nauyi fa."

"Ai cewa ka yi in zaɓa. Ni ba zan ƙare rayuwata ina girgiza ƙwarya a bayan mutane ba."

Wata uku ya yi yana fama da ita. Yatsunsa suka yi bororo, suka fashe, suka yi kanta. Matarsa ta ce min ko abinci aka kawo, jitar na kan cinyarsa. Kunnensa garau yake, wannan kam ba a ƙwace masa ba, amma yatsun ɗan shekara sittin da biyu ba sa jin gaggawa. Kullum yana bayan ganga da rabin taku, kamar mai bin motar da ta riga ta tashi.

Ranar da zai fara hawa dandamali da ita, Shugaba ya zo ya jingina da na'urata.

"Layinsa na nawa ne?"

"Na bakwai."

"Sauke shi daga manyan lasifikoki. Ka bar masa ƙaramar da ke gaban ƙafarsa, ya ji kansa ya ji daɗi. Mai fiyano zai buga bas ɗin da hagu."

"In ya gane fa?"

"Wa zai gaya masa, kai?"

Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Amma ina da iyali, kuma kunyar ba ta kai hannuna ba. Na ja maɓallin ƙasa.

Abin haushi, dabarar ta yi aiki. Mutane suka riƙa tare Kawu bayan wasa suna cewa hannunsa ya faɗa, tsufa bai taɓa shi ba. Shi kuwa ya miƙe, ya koma ɗaura agogonsa na fita, har ya fara gyara wa wasu. Wata rana ina ji ya ce wa mai fiyano, "Hannunka na hagu yana yawo da yawa, ka rage." Mai fiyano ya ce to Kawu, ya juya baya kafaɗunsa na rawa don dariya.

Asiri ya tonu ne wata Asabar da la'asar, a walimar ritayar wani shugaban makaranta. Kawu ya gayyato matarsa da 'yarsa, suka zauna a layin gaba. Ana tsakiyar waƙa ya yi musu murmushi mai faɗi, haƙoran robar suka suɓuce. Ya saki jitar, ya kai hannu biyu baki ya tare su. Bas kuwa bai tsaya ba, ya ci gaba da dukan ƙirjin mutane, tsaf, ba kuskure ko ɗaya.

Kawu ya dubi jitar, ya dubi hagun mai fiyano, sannan ya ɗago ya dubi ƙarshen zaure inda nake. Na sunkuya kamar ina gyara waya.

Shugaba dai ba ya asarar dama. Ya matso da makirufo yana dariya. "Jama'a, kun ga gwaninta? Kawunmu ya wuce buƙatar hannu." Ya kama hannayen tsohon ya ɗaga sama kamar na ɗan damben da ya ci wasa. Zaure ya ɗauki tafi da shewa. 'Yar Kawu ta ja mahaifiyarta suka fita ta ƙofar gefe.

Cikin mako guda duk mai kiranmu wasa sai ya tambaya ko za a zo da tsohon nan mai kiɗa ba hannu. Shugaba ya aika wa Kawu cewa gurbinsa na nan, da sharaɗin a waƙa ta uku zai riƙa ɗaga hannu. Na yi zaton ba zai zo ba. Na manta cewa ban da dandamali ba shi da inda ya san tsayawa.

Ya zo tun kafin a gama jera kujeru, ya tsaya kusa da na'urata. Na shirya wa zagi, har na so a ce ya mare ni.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun ranar farko, Kawu."

Ya gyaɗa kai. "Wanne ne na lasifikar gaban ƙafata?"

Na nuna masa. Ya sa yatsan nan mai kanta ya ja maɓallin har ƙasa da kansa, ya tafi ya rataya jitarsa. Da aka zo waƙa ta uku, Shugaba bai ko juyo ba Kawu ya riga ya ɗaga hannayensa.