Nauyin Tsoho

Duk wanda ya ce na taɓa son Tsoho ya yi mini ƙarya. Tsoho shi ne amfilifaya, wato akwatin ƙara sauti, na mijina Dogo, mai kaɗa jitar bes a ƙungiyar kiɗan Madam. Akwati ne na katako, baƙi, mummuna, ko suna babu a goshinsa, ya tare kusurwar falonmu ya yi kane-kane. Ƙaramin yatsana na ƙafar hagu ya san shi sarai. Kullum zan yi shara sai na ja shi, kullum kuma sai bayana ya amsa.

Yayan Dogo, mai gyaran rediyo, shi ya haɗa shi da hannunsa kafin ya rasu. A ciki akwai kwalaben gilashi masu yin ja idan sun ɗauki zafi, da taransifoma biyu masu nauyin tsiya, da wayoyi da aka ɗaure da zare tsaf-tsaf kamar kitso. Ba a kunna Tsoho a hau kiɗa nan take. Sai Dogo ya danna makunni, ya ɗora tafin hannu a samansa, ya jira har ɗumi ya taso, yadda Yaya ya koya masa. In ya ja igiya ɗaya kuwa, cokulan kicin ɗina sai sun yi rawa.

Ana nan sai Madam ta ƙulla yarjejeniya da wani ɗan kasuwa da muke kira Mai Shago. Shi zai ba ƙungiya kayan sauti, ita kuma duk abin da zai hau dandamali sai mai tambarinsa na ruwan zinariya, wanda aka rubuta wa Aradu. Kowa ya san Mai Shago ko allura bai taɓa ƙerawa ba. Akwatuna marasa suna yake sarowa a kwali, ya manna musu tambari. A layin bayansa ma akwai mai sayar da irinsu sak, da wani sunan daban.

"Dogo, ko Aradu ko ƙofa," in ji Madam. "Na gaji da ganin wannan akwatin kajin a hotunana."

Ranar da Dogo ya kawo sabon akwatin gida, da hannu ɗaya na ɗaga shi, ɗayan hannun riƙe da tsintsiya. Na ji daɗi har raina. Dogo ya kwance bayansa ya leƙa, sai ya zauna a ƙasa daɓas. Wani farantin lantarki ne siriri kamar biskit, an liƙe komai da gam, ga kwalba guda tilo da aka ɓoye wa ɗan ƙwan fitila a baya don ta riƙa yin ja na ƙarya. Da ya jona jita, sautin ya fito kamar ƙudan zuma a gwangwani.

"Maman yara," ya ce, idonsa na ƙyalli, "ai tambari Madam take so, ko?"

Na san wannan kallon. Shi ya taɓa yi kafin ya gyara mini dutsen guga ya ƙona labule.

"Baban yara, ka rufa mana asiri."

Ina! Ya shimfiɗa tabarma, ya fito da sukudireba da dalma, ya yini yana kwashe kayan cikin Tsoho yana mayarwa cikin akwatin Aradu. Sai da ya ƙara katako a gindin don kada ya ɓalle. Farantin biskit kuma ya jefa shi cikin tsohon akwatin, ya tura kusurwa. Da na zo shara na ja shi da ƙarfin da na saba, saura kaɗan in bugi bango.

A wasan farko Madam har juyowa ta yi tana waƙa. Da aka tashi ta dafa Aradu ta ce, "Kun ji bambanci? Wannan shi ne kayan kamfani, ba haɗe-haɗen bayan gida ba." Dogo ya dawo gida yana dariya har da riƙe ciki. Sati guda yana kwaikwayon muryarta a wurin cin abinci.

Abin da bai yi lissafi da shi ba shi ne son girma irin na Madam. Ta ce idan ƙaramin Aradu yana wannan ruri, ina ga babban? Ba ta gaya wa kowa ba, ta sa direbanta ya kinkimi akwatin daga ɗakin gwaji ya mayar wa Mai Shago, ya karɓo babba. Direban ya kwana biyu yana shafa man zafi.

Dogo ya shigo gida ba sallama, ya tsaya yana kallon kusurwa. Wallahi ban taɓa ganin fuskarsa haka ba tun ranar rasuwar Yaya. Na shirya in ce ai na faɗa, amma na fasa.

Ya garzaya shago. Mai Shago ba yaro ba ne: da ya ji nauyin akwatin ya buɗe, ya gani, ya rufe, ya ɗora shi a kan teburi a tsakiyar shago, ya mai da shi na gwaji. Kowa ya zo saye da shi ake jiyar da shi, sannan a miƙa masa na kwali.

"Wane kayan ciki kuma?" ya ce wa Dogo yana murmushi. "Aradu na ba ku, Aradu kuka dawo mini da shi. Ko mu kira Madam ka yi mata bayani?"

Dogo ya dawo jiki a sanyaye. Daga nan ya tsiri zuwa shagon kullum da yamma, wai gwaji. Ba ya iya haƙuri ya ga ana kunna Tsoho ana dukansa tun bai yi ɗumi ba. Sai ya karɓi jitar, ya ɗora tafi, ya jira, ya kaɗa. Mutane su taru, su saya. Mai Shago har kujera ya ajiye masa. Mijina ya zama ɗan tallan ɓarawon kayansa, kyauta.

Abin ya ishe ni. Na yafa mayafi na bi shi.

Na samu wani mutum da matarsa sun gama jin kiɗa, ana ciro musu nasu daga kwali. Na matsa kusa, na sanya muryar marainiya.

"Bawan Allah, don Allah ɗan matsar mini da wannan na kan teburin, jakata ta faɗa bayansa."

Ya kama da hannu ɗaya, bai motsa ba. Ya sa biyu, jijiyar wuyansa ta tashi. Na yi godiya, sannan na ɗauki nasa da yatsu uku na miƙa masa.

"Ga naka. Kai, ka yi sa'a, naka ba ya karya baya."

Mutumin ya dubi wannan, ya dubi wancan. Matarsa ta ja hannun rigarsa, suka fice.

"Baiwar Allah, me ya kawo ki?" in ji Mai Shago.

"Rakiya na yi wa mijina. Shagonka akwai sanyi."

Washegari na dawo da sakar hulata. Jakata ta sake faɗawa bayan teburi. Rana ta uku ma haka. Jakar nan ta sha ƙasa, har hannunta ya tsinke. Mai Shago ya mayar da Tsoho kan kantar shagon, jakata ta bi shi can. Ya ce zai kira Madam, na ce ya kira, ita ma akwai abin da nake so ta matsar mini.

Bai kira ba. Ya san in Madam ta ji nauyin, ba Dogo kaɗai za ta kora ba.

"Ku kawo mini farantina," ya ce a ƙarshe, "ku kwashe tarkacenku. Ke kuma kar in sake ganin jakarki."

A babbar robar wanki muka ɗauko kayan Tsoho, kwalaben naɗe cikin tawul, shi kunne ɗaya ni kunne ɗaya. Muna tafe muna hutawa, masu shaguna na kallo.

Yanzu babban Aradu yana tsaye a gaban dandamali, ƙwan fitilarsa na ja, ba a jona shi da komai ba. Tsoho kuma yana bayan labule yana aikin. Madam tana gaya wa kowa cewa babban ya fi ƙaramin nesa ba kusa ba. Da Dogo ya tambaye ni tun farko, da wannan dabarar zan ba shi, amma maza ba sa tambaya sai sun ƙona labule.

Ranar da ya gama mayar da komai cikin akwatin Yaya, ya ɗaure wayoyin da zare yadda ya same su, ya danna makunni, ya ɗora tafinsa. Kwalaben suka fara ja a hankali. Bai ɗauki jita ba, sai ya kamo hannuna ya ɗora kusa da nasa, a kan katakon da gefen hannun Yaya ya goge har ya yi santsi.

Ɗumin ya taso. Na bar hannuna a wurin.