Wayar Jitar Nehemiya

"A bar masa jitarsa a hannu. Wayar kawai za a zare."

Keziah tana bayan tanti tana warware wayoyin lasifika ta ji wannan maganar, a wani gidan biki a Nukkai. Ba sai ta leƙa ba, ta san muryar. Bappa Hammanjoda ne, mai ganguna, aminin babanta tun kafin a haife ta. Wanda yake gaya wa kuwa Elvis ne, mai jita na biyu. Elvis ya ce to, ya tofar da tsinken da ke bakinsa, suka rabu. Ita kuwa ta sandare da waya a hannu, sai da wata mata mai ɗauke da kular shinkafa ta ce ta ba ta hanya sannan ta motsa.

Da za a fara kiɗa ta zuba ido. Bappa ya sunkuya bayan amfilifaya, na'urar ƙara sauti, kamar zai gyara wani abu, ya ja kan wayar jitar babanta ya fito da shi rabi. Daga nesa sai ka rantse a jone take. Babanta ya miƙe da jitarsa ja, ya rufe ido, yatsunsa suna ta gudu a kan tsirkiya, amma ko ƙis ba ya fita. Abin da jama'a ke ji na Elvis ne, wanda ya ɗan juya baya ya raɓe kusa da lasifika. Aka yi tafi, mata suka yi guɗa, babanta ya rusuna yana murmushi.

Babanta, Nehemiya, shi ya kafa Taurarin Lamurde a 1976. Kafin nan an tura shi Hungary shekara biyu ya koyo gyaran tarakta. Ya dawo da takardar shaida, da wata ƙatuwar rigar sanyi da bai sake sawa ba, da faifai guda ɗaya na wata ƙungiyar masu kiɗan rok ta can. Ba wanda ya iya faɗin sunan ƙungiyar a gidan, sai ake ce musu 'yan Budapest. Tarihinsu kuwa Keziah ta haddace shi fiye da duk abin da aka koya mata a sakandare, don babanta yakan ba da shi ne kamar mai jero sunayen kakanninsa.

Wai 'yan makaranta ne su biyar, suka fara a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da amfilifayar da suka haɗa da kansu daga tsohuwar rediyo. Hukumar ƙasarsu ta taɓa hana a buga musu faifai, suka ci gaba da wasa a ƙauyuka. Mawaƙinsu na farko ya tafi ya kafa tasa ƙungiyar, suka ɗauko wani. Mai molo ya yi aure ya daina, ya dawo bayan shekara shida, aka matsa masa wuri ba tare da an ce masa komai ba. Ɗaya ya rasu. Gwamnatin da ta takura musu ma ta faɗi, su suna nan. Duk Kirsimeti wani tsohon abokin ɗakinsa na can yakan aiko masa da kati, da layi biyu a ƙasa: har yanzu suna wasa, sun haura shekara talatin. Nehemiya ya taɓa ganinsu sau ɗaya a wani fili a bakin kogi. Ya ce ya tsaya dab da lasifika, kiɗan yana dukansa a ƙirji kamar ana daka a cikinsa. A ƙarshe kullum sai ya ɗaga yatsa ya ce abin da ya riƙe su abu ɗaya ne, ba sa korar mutum. Wanda zai tafi, da ƙafarsa yake tafiya. Wannan dokar ya kafa wa Taurari, ya kuma riƙe ta shekara ashirin, har a kan wani mai ƙaho da ya taɓa zuwa wasa a buge sau uku.

Ƙarar tarakta da rana, ƙarar lasifika da yamma, nawa kunnen mutum zai iya ɗauka? Keziah ce ta fara lura, don tun rasuwar mamarta Lydia su biyu ne a gidan, ita kuma ba mai yawan magana ba ce, mai kallo ce. Ta ga ya fara ƙure muryar rediyo har maƙwabta suna buga katanga. Ta ga in ana masa magana baki yake kallo, ba ido ba. In ta kira shi daga baya ba ya waiwayowa. Sai ta koyi zagayowa gabansa kafin ta ce abinci ya sauka, ba ta taɓa ce masa komai ba, shi ma bai ce ba. A wurin wasa ya koma tsayawa dab da gangunan Bappa, wani lokaci ya cire takalmi, yana bin bugun ta tafin ƙafarsa. Amma ƙafa ba ta gaya wa mutum tsirkiya ta saki.

Wata takwas ana zare wayar. Tun da aka yi jiha Jalingo ta cika da baƙi, bukukuwa suka yawaita, kusan kowace Asabar suna da wasa. Kowace Asabar Keziah tana ɗauke da jakar wayoyi, tana ganin Bappa ya sunkuya, tana ganin babanta ya rusuna wa tafin da ba nasa ba. Mutane suna cewa tsohon nan hannunsa har yanzu wuta ne. Tambaya ɗaya ce take cin ta: shin yana jin abin da yake kaɗawa kuwa? Sau da yawa ta zagayo gabansa da niyyar yi, sai ta ce ko a ƙara masa miya.

Ana nan sai ga bikin cikar Taurari shekara ashirin. Aka kama zauren wata makaranta a Sintali, aka buga kati, gidan rediyo suka ce za su zo su ɗauka. A wajen gwaji Nehemiya ya sanar cewa shi zai buɗe taron shi kaɗai, ba ganga ba murya, da kiɗan farko na faifan 'yan Budapest, kamar yadda ya buɗe wasansu na farko a 1976. Bappa ya duƙufa yana ɗaure fatar gangar da ba ta saki ba.

Daga ranar ya fara gwaji a gida bayan ya taso aiki. Keziah tana tsakar gida tana tsince shinkafa tana ji. Ta san kiɗan, da shi aka yi mata reno. Abin da ke fitowa daga ɗakin babanta kuwa kamar ana jan kwano a kan siminti. Tsirkiya biyu sun saki, bai sani ba. Ya kai wajen da ya fi so, ya maimaita shi sau uku, ya leƙo yana share gumi ya tambaye ta ya ta ji. Ta ɗaga masa kai. Da ya koma ciki ta kifa fuska a gwiwa, shinkafar ta zube kaji suka taru.

Saura kwana biyar ta je Abbare, shagon da Elvis ke gyaran rediyo. Ta daɗe a bakin ƙofa kafin ya lura da ita. Da ƙyar ta haɗa maganar: ko zai ɓuya bayan labule ya kaɗa, kamar dai yadda aka saba. Elvis ya ajiye abin narka dalma ya ce ba labule a zauren, kuma mutanen rediyo su za su jona wayoyinsu da kansu a jikin amfilifaya, za su ga komai. Ya ce ban da haka ma shi ya gaji. Shekararsa talatin da huɗu, 'ya'yansa uku, wata takwas yana kaɗawa ana yaba wani.

"Ni ma ina da suna, Keziah. Ba na ƙin Oga, shi ya koya min riƙe jita. Amma sai yaushe?"

Ta yi masa sai an jima ta fita.

Washegari ta sami Bappa Hammanjoda a ƙofar gidansa a Sintali yana ba tumakinsa harawa. Ya shimfiɗa mata tabarma, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya yi ta zagaye. Da ta ce ta ji abin da ya gaya wa Elvis a Nukkai, sai ya zauna a kan turmi ya cire hula. Ya ce ranar da ya yanke shawarar, a wani biki ne kafin na Nukkai, ya ga wasu samari a gaba suna toshe kunne suna dariya, Nehemiya kuwa ido a rufe yana ta yi. Ya ce lokacin da danginsa suka juya masa baya saboda kiɗa, Nehemiya ne ya ba shi ɗaki wata bakwai. Mutumin da ya ce ba a korar kowa, shi za a ce wa ya sauka?

"To Bappa, ka gaya masa mana kafin Asabar."

"Bingel am, 'yata, na gwada sau uku. In na buɗe baki sai ya ɗauko min labarin 'yan Budapest. Ke 'yarsa ce. Daga bakinki zai fi sauƙi."

Ba sauƙi ko kaɗan. Ranar Alhamis ta zauna gabansa da niyya, har ta ce Baba. Sai ya jawo faifan daga ƙarƙashin gado, kwalin duk ya cinye a gefe, ya nuna mata hoton mutum biyar masu dogon gashi. Ya nuna wanda ya tafi, da wanda ya dawo, da wanda ya rasu. Ya ɗora yatsa a kan na tsakiya, mai jita, ya ce wannan sa'ansa ne, yanzu gashinsa duk ya yi fari, kuma yana nan a kan dandamali. Ya dube ta yana jira. Ta ce ruwan wankansa zai huce.

Ranar Juma'a, da ya fita aiki, ta shiga ɗakin da ake ajiye kayan kiɗa. Ta san inda fis ɗin amfilifayarsa yake, ta sha ganin ana canzawa. Ta kwance shi, ta jefa a masai. Ba ta taɓa ɓata wa babanta ko allura ba. Ta yi ta addu'a a ce na'ura ta lalace, a tsallake buɗewar, a wuce kai tsaye zuwa ganguna.

Asabar da ƙarfe biyu suna zauren. An jera kujerun roba, an rataya ƙyalle mai sunan Taurari. Aka kunna janareta, amfilifayar Nehemiya ta ƙi kawo wuta. Zuciyar Keziah ta yi sanyi na ɗan lokaci. Sai babanta ya sa hannu a aljihun gaba, ya fito da sabon fis a cikin takarda, ya ɗaura, jar fitilar ta kama. Bai dubi kowa ba.

Ƙarfe huɗu zauren ya cika. Tsofaffin da suka yi rawa a wasan farko sun zo da jikokinsu. Ga ma'aikatan sakatariya, ga matan coci da ankonsu, ga mutum biyu daga gidan rediyo sun kafa na'urarsu a gefe suna gwada makirfo. Elvis yana zaune can baya, jitarsa a cikin jaka bai ma buɗe ba. Bappa ya taso a hankali ya nufi bayan amfilifaya, ko don sabo ko don ya rasa abin yi, sai ya tarar Nehemiya ya riga shi.

Keziah tana tsaye taku uku daga wurin, ta ga komai. Babanta ya durƙusa, ya kama kan wayar ya tura shi ciki har ƙarshe. Ya ciro baƙin salatif daga aljihu ya naɗe shi da jikin na'urar, zagaye ɗaya, biyu, har biyar, ya yanke da haƙori. Ya ja wayar ya ga ba ta motsi. Sannan ya ɗaga kai ya dubi amininsa, ba fushi a fuskarsa, ya ɗan dafa masa gwiwa ya miƙe. Bappa ya koma bayan gangunansa ya zauna.

Ashe ya san da zancen wayar. Tun yaushe, Allah kaɗai ya sani. Amma sanin an zare maka waya daban, sanin abin da ya sa aka zare daban. Wataƙila yana zaton hassada ce, ko gaggawar masu tasowa. Wataƙila a cikin kansa kiɗan yana fita tsaf kamar yadda ya ji shi a bakin kogin nan shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Nan da minti biyu zai fita gaban mutum ɗari uku da na'urar rediyo, da tsirkiya biyu a sake.

Mai gabatarwa ya fara jero tarihin Taurari, ana tafi a kowace shekara da ya ambata. Nehemiya ya rataya jitarsa, ya cire takalmi ya ajiye a gefe. Ya ɗaga ƙafa zai hau matakala.

Keziah ta saki jakar wayoyin. Ta zagayo ta tsaya a gabansa, a kan matakalar, inda duk zauren ke iya ganinta, ita da ko karatu a coci ba ta taɓa yarda ta tashi ta yi ba. Ta kama wuyan jitar da hannu ɗaya. Ta jira har idonsa ya sauko kan bakinta, sannan ta furta a hankali, kalma bayan kalma, yadda ba zai rasa ko ɗaya ba.

"Baba, kana jin abin da kake kaɗawa kuwa?"