Gidan Mista Alonzo

Vernice tana ba shi romon kaza a cokali, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mista Alonzo ya zabura har romon ya zube a ƙirjinsa.

"Su ne? Kada ki buɗe!"

"Mai kawo iskar numfashinka ne, Mista Alonzo. Kwanta."

Tun da jikokin mai filin na asali suka kai ƙara, ba wanda ya ƙara samun natsuwa a layin nan na bayan garin Selma, a jihar Alabama ta Amurka. Lauyan jikokin ya ce kamfanin da ya sayar wa mutane gidajen, kamfanin jihar Delaware ne, bai taɓa yin rajista a Alabama ba, don haka duk takardar mallakar da ya sa wa hannu banza ce. Har da ta Vernice, wadda gidanta ke jikin nasa.

Likita ya ce a kai Mista Alonzo asibiti, tsohon ya ƙi.

"Ina fita za su canja makulli. Shekara talatin ina tuƙa motar makaranta saboda rufin nan. A ina za a ajiye gawata, a titi?"

"Kai da bakin nan naka, titin ma korarka zai yi."

Bai yi dariya ba. Ya kamo hannun rigarta.

"Sista Vernice, me alƙali ya ce?"

Ta dubi idanunsa da suka zurma.

"Ya ce gidan naka ne."

"Ƙarya kike yi. Ke da kike waƙa a coci!" Ya yi tari mai tsawo. "Sake faɗa mini."

Ta sake faɗa.

Sai bayan bazara alƙalin ya yanke hukunci, ya ce rashin rajista laifin kamfani ne, takardun suna nan daram. Mista Alonzo bai kai lokacin ba. Wata safiyar Talata Vernice ta shigo da kofi, ta tarar da shi ya yi sanyi, hannunsa na dama damƙe da ƙarfen gado.

Masu ɗaukar gawa suka ja, hannun ya ƙi saki. Ta ce su dakata. Ta durƙusa tana ɓanɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, tana kiran sunansa ƙasa-ƙasa.