Teburin Yohanna

Da Malama Asabe ta yi ritaya daga koyarwa, ta ƙudura barin gidan haya na Sabon Gari ta sayi nata. Sharaɗinta ɗaya ne: falo ya ɗauki zungureren teburin maɗacin da marigayi mijinta Yohanna ya ƙera da hannunsa. A kansa 'ya'yanta Caleb da Grace suka girma. Yanzu ɗaya na Abuja, ɗaya na Jos, sai gaisuwar waya. Ita dai a ranta, muddin teburin na nan, wata Kirsimeti za su cika shi da jikoki.

Junaidu dillali ya nuna mata wani sashe a benen da ake ginawa a Gidan Dahala, ya ce murabba'in mita tamanin ne. Malamar lissafi ce fa, wa zai ruɗe ta? Ta ɗauko tef ta auna gidan da take ciki, ɗaki-ɗaki, ta ga sabon zai ishe ta har da rara. Ta biya.

Ranar tarewa teburin ya shiga da ƙyar, ya tokare ƙofar kicin, ta falo kuma ta ƙi rufuwa. Ta kira Junaidu ranta a ɓace.

"Mama, ai daga wajen bango anka ɗauko awon," in ji shi. "Kaurin bango, matakala, baranda, duk suna ciki. Haka na ko'ina."

Bai yi mata ƙarya ba, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ita ta auna inda ƙafa ke takawa, su kuwa sun haɗa har inda ƙadangare ke shan rana.

Ta kira Caleb. "Mama, ki sayar da shi kawai," ya ce. "Bana ma da wuya mu zo." Grace ba ta ɗauka ba. Asabe ta zauna a tsakiyar kwalaye, kaɗaici ya rufe ta, babu ko wanda za ta yi wa mita.

Washegari ta nemo Mode kafinta. Ya shafa katakon, ya yaba aikin, ya ce, "Mama, wurin mutum nawa za a bari?"

Ta daɗe tana kallon teburin. Ta ɗora hannu a gefen da Yohanna ke zama, inda gindin kofin shayinsa ya bar tabo.

"Bar nan."

"Wanga ai na mutum biyu na, Mama."

"Ya isa," ta ce. "Har da rara."

Ta fita baranda ta ja ƙofa, don kada ta ji ƙarar zarto.