Bindigar Khalil

Na'urar bincike ta ɗauki ƙara daidai lokacin da Mas'uda ta sa ƙafa cikin ƙofar ƙarfen. Ikon Allah, ita wannan ƙofa ma jiya babu ita! Dandalin nan na kusa da unguwar Xiaobei hanyarta ce kullum daga shagunan sari zuwa masauki, tsofaffin Sinawa na rawarsu a ciki, ba ruwan kowa da kowa. Yau kuwa an kewaye shi da shinge da jajayen tutoci, wai wutar gasar Olamfik za ta bi ta nan.

'Yar sanda ta shafa jikinta, hannunta ya tsaya a ƙugu, kan lalitar da Mas'uda ke ɗaurawa ƙarƙashin zani tun tana 'yar talla a kasuwar Kurmi. Aka zaro abin da ke ciki: baƙar ƙaramar bindiga, mai nauyi, kamar ta gaske. Nan take mutane suka dare.

"Ta wasa ce! Wallahi ta yara ce!"

Ina, wa ke jin Hausa a nan?

* * *

Maidaji, ɗan Maraɗin da ke aika mata kaya gida, shi aka kira ya yi tafinta. Ya iso ofishin yana haki.

"Haba Hajiya, me ya kai ki? Irin wagga ko a shago ƙarƙashin tebur ake saida ta. Jiya da kin wuce ba mai sani, amma yau wurin nan ya tashi daga dandali, ya koma wurin tsaro. Suna iya riƙe fasfonki fa."

Gobe ne jirginta, ga Khalil, ɗanta tilo mai shekara bakwai, tun da ta taho da ɗankwalinta yake kwana.

'Yar sandan ta yi tambaya. Maidaji ya ce, "Wai don me kika ɓoye ta a jiki?"

"Kunya nake ji a gan ni da ita." Ta goge ido da bakin mayafi. "Gaya mata bara 'yan fashi suka tare motarmu a hanyar Zariya, suka harbe uban ɗana Khalil a gabansa. Da zan taho na ce ƙwallo zan sayo masa ko mota. Ya ce bindiga, irin tasu sak, don ya riƙa tsare ni. Na san ba daidai ba ne, Maidaji, amma na kasa ce masa a'a."

Maidaji ya fassara. 'Yar sandan ta daɗe tana kallon Mas'uda, sannan ta shiga wajen babbanta. Sai bayan la'asar ta fito da fasfon. Bindigar dai ta tafi kenan. A madadinta ta miƙo 'yar tutar biki, ta nuna tsayin yaro da tafin hannu.

* * *

A bakin titi Mas'uda ta kira gida, zuciyarta fal farin ciki.

"Umma, kin samo?"

"Na samo, Babana, amma an karɓe. Ƙasar nan ba a yarda a yi yawo da ita ba."

Tana jin numfashinsa.

"Har ɓarayi ma?"

"Ni dai ban taɓa gani ba."

"To Umma, kar ki dawo. Ki zauna can, ni sai in zo."

Katin wayar ya ƙare. Ta daɗe da wayar a kunne, kafin ta naɗe 'yar tutar a hankali, ta cusa ta cikin lalita, kusa da tikitin gobe.