Rabin Wata na Goma Sha Ɗaya

Wata huɗu ke nan da Asiya ta shiga ƙungiyar matasan unguwarsu a Madawa, har yau ba wanda ya taɓa kiran ta da sunanta. Madam Lisansi suke ce mata, saboda ta yi jami'a a Yamai ta dawo da takardar lisansi, wato digiri, aiki kuma bai samu ba. Ba da mugunta suke faɗa ba. Su tare suka tashi, tare suka yi lakwal, wato makarantar boko, sun san gidajen kakannin juna. Ita kuwa tun tana shekara goma sha biyu aka kai ta wurin ƙanen babanta a Yamai. In ana taro takan zauna a bencin ƙarshe da kaye, littafin rubutunta, a cinya, ta rubuta duk abin da aka ce, kuma ba wanda ya taɓa neman ya gani.

Ran Juma'a da yamma tana haɗa kaya, don ƙungiyar za ta yi Asabar da Lahadi a wani sansanin horar da matasa tsakanin Buza da Keita. An ce za a koya musu aiki tare. Ta ce wa mahaifiyarta, Mairamu, wadda ke tsintar wake a tabarma:

"Inna, in na tahi na dawo ba abin da ya sake, na bar ƙungiyar ga."

"Ke ma ai ba ki magana," in ji Mairamu.

"Ina yi. Ji ne ba a yi."

Mairamu ba ta ɗaga kai daga waken ba. "Ƙasarmu ce za ki. Ki gaishe min da duwatsu."

A can aka haifi Mairamu, kuma tana budurwa ta yi shekara uku tana ɗaukar dutse a ka, lokacin da matan yankin suka fito gyaran fako. Har yanzu wuyanta yakan tuna mata.

Da sassafe suka hau kamiyo, babbar motar kaya, su ashirin da uku, maza goma sha huɗu, mata tara. Aka yi ta waƙa da tsiya har hanya ta bar kwalta. Sansanin yana gindin wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai: rumfuna uku, rijiya, igiyoyi ɗaure tsakanin itatuwan ƙaya, da wani dattijo siriri mai usur a wuya, Baba Yaƙubu, wanda shi ne mai horarwa.

Wasan farko, a ɗaure wa mutum ido, abokinsa ya ja shi ta cikin duwatsu. Baba Yaƙubu ya ce kowa ya kama nasa, maza da maza, mata da mata. Kafin Asiya ta ajiye jaka, mata takwas sun zama biyu-biyu. Ta tsaya tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

"To, ke tawa ce," in ji dattijon. Ya miƙa mata ƙarshen sandarsa, ya riƙe ɗayan.

Cikin duhun ƙyallen tana jin sauran suna ihu. "Hagu, Fiddausiya! Hagun taki, ba tawa ba!" Wani ya faɗi, aka kwashe da dariya. Ita ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, don dattijon ya san kowane dutse a wurin. Ta riga kowa isa, ta kwance ƙyallen, ba wanda yake kallo.

Da rana aka kawo shinkafa da wake a manyan tire. Matan suka zagaye nasu, gwiwa na gogar gwiwa. Asiya ta zauna ɗan baya, tana zura hannu ta tsakanin kafaɗu biyu. Hirar ta wani biki ce da aka yi shekara uku da suka wuce, inda akuya ta cinye furen amarya na takarda. Ta yi murmushi a inda suka yi dariya. Loma biyar ta yi, ta tashi wanke hannu.

Bayan azahar Baba Yaƙubu ya kai su fako, fili jajawur mai tauri kamar daɓe, ya raba su rukuni-rukuni, ekif uku, ya ba kowace ekif diga da fel, wato shebur. Aikin shi ne haƙa rabin wata: rami mai siffar jinjirin wata, a tara ƙasarsa a bayansa, bakinsa kuma ya kalli inda ruwa ke fitowa, don in an yi ruwa ya shiga ya kwanta, a shuka itace a ciki.

"Kowace ekif goma," ya ce. "Ba ni hwaɗa muku inda ruwa ke hitowa. Ku tambayi juna. Gobe da sahe ina zuwa da bido, in zuba, mu gani."

Asiya ta faɗa ekif ɗin Habibullahi, shugaban ƙungiya, dogo mai hular kaskat, wanda ba ya iya tsayawa wuri ɗaya. Ya dubi dutsen, ya dubi filin, ya tafa hannu.

"Wanga ai ko yaro ya sani. Ruwa daga dutsi shika saukowa. Baki ya kalli dutsi. Walid, ja layi!"

Walid ya fara jan layi da diga yana rera waƙa. Asiya kuwa ƙasa take kallo. Tun tana ƙarama, in suka je ƙauye, Mairamu takan tsaya a hanya ta nuna mata da yatsan ƙafa: ga inda ruwan bara ya bi. Ruwa yakan kwaso tsinken ciyawa da kashin awaki ya jingine su a jikin tsakuwa, ta gefen da ya fito, ya bar siririn yashi kamar wutsiya ta ɗaya gefen. Asiya ta duba tsakuwa ɗaya, ta duba ta biyu, ta duba har goma. Duk tsinkayen suna gefen da ba ya kallon dutsen. Filin nasu ya ɗan karkata ne zuwa wani kwari da ke gindin dutsen, karkatar da ido ba ya gani. Ruwan dutse a kwarin yake tsayawa, na filin kuma can yake gangarawa.

Ta matsa kusa da Habibullahi.

"Shugaba, kamar ruwan nan ta can yake zuwa."

"Mi kinka ce, Madam?" Idonsa yana kan ekif ta biyu, waɗanda har sun fara rami.

"Na ce tsinkayen nan..."

"Madam Lisansi za ta ba mu kur, darasin jami'a!" in ji Walid. "Ku kawo tabulo da alli."

Aka yi dariya, ba mai yawa ba. Habibullahi ya ce, "In mun ƙare ma ji, kin ji? Kama fel." Ta kama fel.

Suka yi ta haƙa har la'asar sakaliya. Fakon yana mayar da diga, zufa tana shiga ido. Sun yi aiki tare, wannan gaskiya ne: maza na sara, mata na kwashewa, Fiddausiya tana bin su da ruwan sha tana musu kirari. Su suka fara gamawa. Rabin wata goma, a jere, masu kyau, kowanne ya buɗe baki ga dutse. Asiya ta zuba ƙasa a bayan kowannensu da hannunta, tana sane da cewa ruwa ta bayan zai zo, ya bugi tudun, ya kewaye ya wuce.

Bayan sallah maza suka tafi ƙwallo, mata suka zauna gindin rumfa ana dafa shayi. Ba wanda ya ce mata zo, ba wanda ya ce kar ta zo. Ta tsaya a bakin rijiya ta daɗe. Sai ta ɗauki diga da fel ta koma fako.

A ƙarshen layinsu ta ja nata zanen, bakinsa ya juya wa dutse baya. Ba ta taɓa sara da diga ba. Saran farko ya girgiza ta har haƙora. Ta yi ta yi, tana jin ihun 'yan ƙwallo daga nesa kamar rediyon maƙwabta. Tafin hannunta ya yi bororo, ya fashe. Ramin ya fito ƙarami, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Da aka kira magariba ta mayar da kayan aikin inda ta ɗauke su. Ba wanda ya tambaye ta inda ta je.

Da safe Baba Yaƙubu ya zo da bido shida, jarkoki cike da ruwa, a amalanken jaki. Ekif ta biyu da ta uku filinsu yana ɗaya gefen kwarin, inda ruwa da gaske daga dutse yake zuwa. Ya zuba, ruwa ya shiga ramukansu ya kwanta, suka yi tsalle. Da ya iso wurin su Habibullahi sai ya tsaya ta gefen dutse, a gaban bakin rami na farko, ya karkata bidon. Ruwan ya taru, ya yi jim, sannan ya juya ya nufi ƙafafun dattijon, ya bi ta tsakaninsu ya tafi kwari.

Suka bi ruwan da ido.

"Ruwan ga bai da tarbiyya," in ji Walid. Ba wanda ya yi dariya.

Dattijon ya bi layin yana ƙirgawa da sanda, ya tsaya. "Goma na ce. Wanga na sha ɗaya, mai karkataccen baki, na wa ne?" Ya zagaya, ya zuba sauran ruwan ɗan nesa da bakinsa. Ruwan ya silalo a hankali, ya shiga, ya kwanta, sararin sama ya bayyana a cikinsa.

Asiya ta so ƙasa ta tsage. Ta ɗaga hannu kaɗan.

"Wa ya koya miki, ɗiyata?"

"Innata. 'Yar nan ce. Ta ɗauki dutse a nan."

Ya gyaɗa kai. Ya juya ga sauran. "Ba rami na aiko ku haƙa ba. Cewa na yi ku tambayi juna. Kamiyo sai azahar. Ga diga nan."

Da dattijon ya ja jakinsa, Habibullahi ya cire hula ya buga a cinya. Ya zo har gabanta, fuskarsa a murtuke.

"Kin sani, kinka bari munka yini muna wahala? Kinka koma ke kaɗai don a ce kin hi mu?"

"Na faɗa maka."

"Kin hwaɗa? Wanga hwaɗi ne? Sauro ma ya hi ki murya! Haba, Asiya!"

Sunanta ya kira. Ashe ya san shi. Ashe duk wata huɗun nan ya san shi.

Suka sake haƙa, ba waƙa, ba kirari. Habibullahi bai ƙara duban ta ba, sai dai kafin Walid ya ja kowane layi yakan ce, ba tare da ya juyo ba, "Ta duba." Ita kuma ta sunkuya ta karanta tsakuwa, ta nuna da yatsa. Huɗu kawai suka gyara kafin direba ya yi oda. Shida suka rage da bakinsu a buɗe ga dutse.

A kamiyo ta zauna a kusurwar da ta zauna jiya, jaka a cinya. Sauran ekif biyun suna waƙar nasara, tata kuwa kowa ya juya mata ƙeya. Sun kusa kwalta Fiddausiya ta rarrafo neman ruwa, idonta ya faɗa kan hannun Asiya. Ta kama shi ta juya, ta ja tsaki, ta ciro ɗan gwangwanin man kaɗe daga jaka ta ajiye mata a cinya.

"Ki shahwa. Ki kawo min shi ran taro," ta ce, ta koma wurin ƙawayenta.

Da la'asar Asiya ta shiga gida. Mairamu ta dubi jar ƙasar da ke ƙafarta, ta dubi hannun.

"To, ya ya? Kin bar su?"

Asiya ta zauna a bakin tabarma, tana juya gwangwanin. "Akwai taro ran Laraba," ta ce. "Zan mayar wa wata da man ta."