Tikitin Da Ba A Yaga Ba

Duk wanda ya san Ustaz Midhat a unguwarsu ta Iskandariya ya san ba a yi masa zancen Murjana sai in mutum ba shi da wurin zuwa a ranar. Murjana wani filin wasa ne da ya taɓa zama a bakin teku, mai lilo da ƙaramin jirgin ƙasa da dawakin katako masu zagaye. An rushe shi tun kafin a haifi rabin mutanen unguwar, aka dasa dogayen benaye a wurin. Kowa ya manta, ban da Midhat.

Tun da ya ajiye aikin koyar da labarin ƙasa ya mai da falon gidansu ma'ajiyar Murjana. Akwai taswirorin da ake miƙa wa mutum a bakin ƙofa, da takardun talla, da kofunan kwano masu hoton doki, har da guntun allon da aka rubuta wa "Kada a miƙe tsaye a kan lilo". Komai yana ƙarƙashin gilashi, kuma ba a taɓa shi sai da hantsaki. Yayarsa Atiyat, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta kuma dawo gidan da zama bayan mijinta ya rasu, ita ke share ƙurar gilashin tana mita.

"Mutane na tara jikoki, kai kana tara shara," in ji ta.

"Tarihi ne, Abla," in ji shi, don haka yake kiran yayar tasa.

"To tarihin ya tashi daga kan teburin, zan ajiye wake."

Masu tara irin wannan kaya suna da wata ƙa'ida da mai cikakken hankali ba zai gane mata ba: abin da ba a taɓa amfani da shi ba ya fi wanda aka mora daraja. Taswirar da yaro ya ninke ya cusa a aljihu, ta sha gumi da alewa, wannan a wurinsu ta kusa zama bola. Wadda ta kwana a kwali ba ta ga rana ba, ita ce sarauniya. A Murjana kuwa al'adar ita ce mai tsaron ƙofa ya yaga tikiti biyu, ya jefa rabi a gwangwani, ya miƙa wa yaro rabi. Don haka rabi-rabin tikiti sun cika Kasuwar Juma'a, Midhat kansa yana da su cike da kwali. Abin da ba wanda ya taɓa gani shi ne cikakken shuɗin tikitin dawaki. Wane yaro ne zai riƙe tikitin doki a hannu ya ƙi hawa?

Abin ya fi cin ransa a watan nan, domin kulob ɗin unguwa ya ba su zaure su baje kolin kayansu a ƙarshen wata, shi da abokin hamayyarsa Dokta Wagdi mai kantin magani. Wagdi yana da ƙararrawar jirgin Murjana, kuma bai taɓa bari Midhat ya manta ba.

"Me za ka sa a tsakiyar teburinka, Ustaz?" ya tambaye shi a gidan shayi. "Ko in ara maka ƙararrawar ka ɗauki hoto da ita?"

Wata safiya Atiyat ta ƙwala masa kira daga ɗaki. "Midhat, zo ka zura mini zare, idon nan ya ƙi." Ya zo yana gunaguni, allurar ta faɗi cikin tsohon gwangwanin biskit da take ajiye kayan ɗinki, ya zazzage maɓallai yana nema. Da ya ɗaga ƙyallen da aka shimfiɗa a ƙasan gwangwanin, sai ya ga shuɗi. Doki da ƙafafun gaba a sama, da sunan Murjana a ƙasa. Ba yaga, ba ninki, ko kusurwa ɗaya ba ta lanƙwashe ba.

Ya ruga falo ya ɗauko hantsaki, ya dawo yana haki, ya ɗaga tikitin ya zura shi tsakanin gilasai biyu. Sai da ya gama ya sami bakin magana.

"Abla! Shekara da shekaru ina yawon kasuwa, ashe yana ƙarƙashin maɓallanki! Wallahi Wagdi sai ya haɗiye ƙararrawarsa."

"Nawa ne fa, ba naka ba," ta ce.

"Na sani, na sani. Zan rubuta sunanki a ƙasa. A ina kika samo shi?"

Ta dube shi ta saman tabarau. "Kai ba ka tuna ba ko? Ai ba za ka tuna ba, lokacin majina ce kawai sana'arka. Ranar ƙaramar Salla ce, shekarar da Umma ta rasu. Baba ya kai mu bakin ƙofa, ya sayi tikitin doki biyu, ya ba ni, ya ce zai dawo ɗaukarmu in ya tashi daga aiki. Na ɗora ka a kan wani jan doki, ka fasa ihu. Ka ce ba za ka zauna ba sai in na tsaya a bakin shinge kana ganina. To na tsaya. Duk zagayen da ka yi sai na ɗaga maka hannu, in na makara ka buɗe baki. Da aka sauke ka ka yi amai a takalmina, ka yi barci a kafaɗata. Ina zan ajiye ka in hau?"

"Sallar da ta biyo baya fa?"

"Aka ce na girma." Ta miƙa masa allurar. "Ni ba don tarihi na ajiye shi ba. Cewa nake wata rana zan koma, sai aka rushe wurin. Zura mini zaren nan."

Ya zura. Ya kai tikitin falo ya sa shi a tsakiyar tebur, inda ya daɗe da ware masa wuri, ya zauna yana kallonsa. Murnar dai tana nan, amma ta ƙi daɗi. Ya sha yi wa mutane lacca cewa cikakken tikiti shi ne ƙololuwar abin tarawa, bai taɓa tambayar kansa me ya sa tikiti zai zauna cikakke ba. Ashe kowane irinsa yaro ne da bai hau ba. Kunya ta kama shi, kuma duk da kunyar bai fitar da tikitin daga gilashin ba.

Amma haukan tara kaya yana da ranarsa. Midhat ya san inda kowane ƙarfe na Murjana ya nufa bayan rushewa. Ya san dawakin ba su mutu ba: ɗaya daga cikin masu tsaron ƙofar ne ya saye su, yanzu ɗansa Zaglul, wanda ake ce wa Usta don gwanintarsa da inji, yana yawo da su garuruwa duk inda ake maulidin wani waliyyi. Ya taɓa bin mutumin yana roƙon ya sayar masa da linzami ɗaya, aka kore shi. Ya yi tambaya, aka ce dawakin suna garin Rashid a makon nan. Sai dabara ta zo masa, irin ta mai son ya gyara laifi ba tare da ya yi asara ba: zai kai Abla ta hau, ya biya da kuɗin yau, tikiti kuma ya zauna lafiya a gilashinsa.

"Da wannan gwiwar?" in ji Atiyat da ya gaya mata. "Kana so mutanen Rashid su yi shekara suna ba da labarina?"

Amma da safe ya tarar ta riga shi shiryawa, ta sa baƙar rigarta ta fita unguwa, har da turare. "Ka taho da tikitin," ta ce. Ya ɗauka so take Usta Zaglul ya gani, shi ma abin da yake so ke nan, don a sami mai shaida cewa na gaske ne. Ya naɗe gilashin a hankici ya sa a aljihun ƙirji.

Sun isa bayan la'asar. An kafa dawakin a wani fili bayan masallaci, tsakanin mai gasa dankali da mai sayar da ganguna na yara. Fenti a kan fenti ya sa idanun dawakin sun kumbura, wani ma an ɗaure masa ƙafa da waya, amma su ne. Atiyat ta tsaya cak, ta kama hannun ƙanenta.

"Ga jan naka can," ta ce a hankali.

Usta Zaglul, wani ƙato mai furfura da baƙin mai a hannu, ya gane Midhat tun daga nesa. "A'a, Ustaz mai linzami! Ba na sayarwa ba ne, yau ma."

"Ba shi ya kawo ni ba, Usta. Hajiya ce za ta hau."

Zaglul ya dubi Atiyat sama da ƙasa, ya yi dariya. "Hajiya, dawakina sun ɗauki wanda ya fi ki nauyi, wani ango ne daga ƙauye. Bismilla."

Midhat ya sa hannu a aljihun wando zai ciro kuɗi. Atiyat ta dafe hannun.

"Me za ka yi?"

"Biya zan yi, Abla."

"Baba ya riga ya biya mini."

Ta faɗe shi ne kamar mai cewa an riga an sayi burodi. Ba ta roƙe shi ba, ba ta ma dubi aljihun ƙirjinsa ba, dawakin take kallo. Midhat ya fara cewa ai duk ɗaya ne, hawa hawa ne, sai ya fasa. Ba ɗaya ba ne, kuma ya sani. Mahaifinsu bai bar wa Atiyat gida ko gona ba, talaka ne mai aikin tashar jirgin ruwa, kuma tun daga waccan shekara aiki kawai ake miƙa mata. Wannan 'yar takarda ce abu na ƙarshe da wani ya saya mata don ta yi wasa.

Ya tuna teburin kulob da wurin da ya ware a tsakiya. Ya tuna fuskar Wagdi. Gaskiya ya ji zafin abin har cikin haƙarƙarinsa, ba zai yi wa kansa ƙarya ba. Sannan ya ciro hankicin, ya raba gilasan biyu. Ya lalubi hantsaki, ya tuna ya bar shi a gida, sai ya ɗauki tikitin da yatsunsa ya sa mata a tafin hannu.

Ta miƙa wa Zaglul. Mutumin ya juya shi gaba da baya, dariyar ta bar fuskarsa. "Ikon Allah. Rabona da irin wannan tun ina riƙe wa babana gwangwani." Ya dubi Midhat. "Ustaz, ka san abin da ake yi masa fa."

"Na fi ka sani."

"In bar shi haka ta hau kawai? Ba wanda zai ce komai."

"Ka yaga, ɗana," in ji Atiyat. "Ni ba alfarma na zo nema ba, da tikitina na zo."

Zaglul ya goge hannunsa a riga, ya yi bismilla, ya yaga shi biyu. Ƙarar ba ta kai ta ɓare gyaɗa ba, amma Midhat sai da ya runtse ido. Rabi ya koma hannun Atiyat. Zaglul ya waiga neman gwangwanin da babu shi, ya rasa inda zai sa ɗaya rabin, sai ya cusa wa Midhat a aljihu. "Riƙe mini, kai ne ma'aji."

Su biyu suka ɗaga ta. Ta ƙi jan dokin, ta ce wannan na matsorata ne, ta zaɓi wani fari mai karyayyen kunne, ta zauna a karkace ta gyara rigarta. Yaran da ke sauran dawakin suna ta leƙenta suna ƙyalƙyala, ta harare su, "Ku riƙe da kyau, ni na riga iyayenku zuwa layi." Zaglul ya tada inji, kiɗa ya tashi, dandamalin ya motsa. Nan take ta ƙanƙame sandar da hannu biyu, idanunta suka fito.

"Midhat!" ta ƙwala. "Kada ka matsa daga nan! Tsaya inda zan gan ka!"

Ya matso bakin shinge ya dafa ƙarfen. Farin dokin ya ɓace bayan injin, ya sake ɓullowa, ga Atiyat a kai, mayafinta na tashi, bakinta a buɗe tsakanin tsoro da dariya, tana nemansa cikin mutane. Ya ɗaga mata hannu. Ta wuce, ta sake zagayowa, yanzu dariyar ta rinjayi tsoron. Hawaye ya hana shi ganinta sosai, amma bai sauke hannun ba, don kada ta zagayo ya makara.